Gwiwar Mai Wankan Gawa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. Yawwa. To wannan babu gizo a cikinta, babu ƙoƙi. Gwiwa ce guda ɗaya, da tsohuwar da ta ce ba mai taɓa mata ita sai ta ga dama.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya kara da hasken taga, ya ɗora bakin biro daidai inda ƙasusuwa biyu suka haɗu. Hajo tana zaune a kan gadon duba marasa lafiya, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana kallon hoton kamar an nuna mata gonar wani. Autanta Lukumanu, wanda yake koyarwa a wata sakandare a Karaye, yana tsaye a bayanta riƙe da sandarta. Tun asuba ya ɗauko ta daga Ruwan Bago ya kawo ta wannan asibiti na Kano.

Likita ya ce tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi da Allah Ya shimfiɗa kamar tabarma. Nata na dama ya cinye ƙarƙaf, yanzu ƙashi ne yake gugar ƙashi, shi ne ƙarar da take ji in ta miƙe. Hajo ta ce ai ba ita kaɗai take jin ƙarar ba, har kajin gida watsewa suke yi.

Ya yi dariya, ya tambaye ta me da me ta gwada. Ta jero masa: ƙwayoyin da suka ƙwaƙule mata ciki, man zafi, ƙahon wanzami har sau uku, da wani jiƙo mai ɗan karen ɗaci da aka aiko mata daga Daura ta nan Karaye. Likita ya ce to, abin da ya rage hanya biyu ce. Akwai allura, a cikin gwiwar ake zura ta. Tana kwantar da kumburi da zafi. Wani ta kai shi wata uku, wani ko sati huɗu ba ta yi masa. Ba ta dawo da abin da ya cinye, kuma ba a yawaita ta. Sai kuma aiki: a buɗe gwiwar, a kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace, a sa ƙarfe da roba. In mutum ya warke, sai ya yi shekara da shekaru yana tafiyarsa babu ciwo.

Daga nan ya dubi Lukumanu ya ce, kamar yadda suka yi magana a waya, wani ya fasa, gado ya samu. A kwantar da ita yau a yi gwaje-gwaje, jibi Alhamis a shiga da ita. In wannan ta wuce, sai bayan wata shida ko fiye.

Hajo ta waiwaya ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai. A nan ta gane jakar da ta gani a bayan mota, wadda ya ce mata takardun makaranta ne a ciki.

"Likita," ta ce, "in ka sa mini ƙarfen nan, zan durƙusa?"

Bai ɓoye mata ba. Ya ce makonnin farko da ƙarfen dogarawa za ta yi tafiya, sai ta yi kamar wata uku kafin ta dawo daidai. Durƙuso kuwa, wasu suna iyawa sama-sama, da yawa ba sa iyawa, ba zai yi mata alkawari ba. In don salla ne, ai an yi rangwame, ta yi a kujera.

Hajo ta ce shekararta biyu tana salla ƙafa a miƙe, Ubangijinta Ya san da zancen. Ba salla take nufi ba. Aiki take nufi.

Aikin Hajo shi ne wankan gawa. Shekara talatin da wani abu, duk macen da ta rasu a Ruwan Bago da ƙauyukan gefe, ita ake kira. Yadda suka gada kuwa, ƙyauren ɗakin mamaciyar ake cirewa, a shimfiɗa shi a ƙasa kan 'yan duwatsu, mai wanka ta durƙusa a gefe. Tana kan gwiwa daga farko har ƙarshe, ta juya nan, ta ja jiki can, har a gama a naɗe likkafani. Tun da ƙafarta ta matsa mata, sai Ummu Habiba, matar Malam Shitu liman, ta fara karɓar wasu. Mace ce mai karatu, ta san farilla ta san sunna, hannunta da tsabta. Illarta ɗaya: ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Ba don mugunta ba. Da tausayi take faɗa, ta fara da "Allah sarki", kafin sadakar uku kowa ya san wance akwai ƙari a cikinta, wance mijinta ya bar mata tabo a baya.

Yanzu bari in gaya muku abin da Hajo ba za ta iya gaya wa likita ba, balle ɗanta. Ku ma ya tsaya a nan.

Hajo tana da aminiya, Baraka. Shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Bayan haihuwarta ta biyu, wasu fararen tabo suka fito wa Baraka a ciki, suka bi baya, suka gangara cinya. Albaras ne, ba ya ciwo, ba ya kama kowa. Amma kun san mutanenmu, in sun ga farin tabo kuturta suke kira, su ce a jini take. Allah Ya rufa mata asiri bai hau fuska ko hannu ba. Shekara arba'in Baraka ba ta taɓa wanka a gaban kowa ba, ba ta taɓa sauya zani a ɗakin biki ba. Daga mijinta, wanda ya riga ya rasu, sai 'yarta Munawwara, sai Hajo, ba wanda ya sani.

To ga Baraka kwance tun farkon damina, zuciya ta kumbura, ƙafafu sun cika, asibiti sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Ga kuma jikarta Khaula, 'yar Munawwara, an sa mata rana da wani yaro ɗan gidan malamai a Yola ta Karaye, bayan an gama cirar gyaɗa. Mutanen nan masu bin asali ne har kaka da kakanni. Kalma ɗaya ta fita daga ɗakin wanka, an gama. Shi ya sa wata ranar Juma'a Baraka ta kama hannun Hajo ta ce kada ta bari idon kowa ya sauka a jikinta sai nata. Hajo ta ce ta ɗauka.

"Allurar za ka yi mini," ta ce da likita.

Lukumanu ya zagayo gabanta ya rage murya. Ya ce wata huɗu yana bin layin nan. Ya ce ta tuna ranar da ta faɗi a bakin rijiya. Ya ce yayyensa duk sun amince, matarsa ta gyara mata ɗaki a Karaye inda za ta yi jinya. Hajo ta bar shi ya kai aya, sannan ta tambaye shi, a taron da suka yi suka amince, gwiwar wa aka kai wurin.

Likita ya ce gwiwarta ce, ita ke da ta cewa. Ya goge wurin da magani mai sanyi, ya zura allurar ta gefen ƙoƙon gwiwa. Hajo ta kafa wa silin ido har ya zare ta. Da ya gama ya ja mata kunne: kwana ɗaya zuwa biyu ciwon yana iya ƙaruwa kafin ya lafa, kada ta tsorata. Ta huta, ta ɗora ƙafar a kan matashi. Ban da doguwar tafiya, ban da durƙuso.

Suka shiga mota suka fita daga gari. Gonaki suna ta wucewa, an tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana, dawa ta sunkuyar da kai. Sai da suka doshi Karaye Lukumanu ya ce za ta kwana biyu a gidansa, tunda likita ya ce ta huta. Ta ce in ya ga ba zai iya kai ta Ruwan Bago ba, ya sauke ta a tasha, ta san inda motocin suke lodi.

"Don Inna Baraka ce, ko?" ya ce. "Inna, ga matar Malam nan. Gawa ai ba ta zaɓen mai wanka."

"Kai dai kalli hanya, Auta. Ga rami can."

Ya ce ta gaya masa dalili ɗaya, ko ɗaya tak, ya haƙura. Ta gyara mayafi ta juya fuska wajen taga. Ya yi ƙwafa, ya wuce kwanar gidansa bai tsaya ba.

Ana kiran la'asar suka shiga Ruwan Bago. Ta sa ya tsaya a ƙofar gidan Baraka. Maganin kashe zafin da aka haɗa a allurar bai sake ta ba tukuna, ta shiga da ƙafarta tana taku kamar budurwa. Baraka tana jingine da matasai uku, numfashi sama-sama, Munawwara tana yi mata fifita.

"Kin dawo da ƙafar taki?" in ji Baraka.

"Na dawo da ita. Sun so su karɓe."

"Na ɗauka kin gudu."

"Ke ce dai mai shirin gudu, ƙawa."

Baraka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce a sa mata magarya da yawa, kuma kada Hajo ta kuskura ta zuba mata ruwan sanyi, ta san ta da sanyi ba sa shiri. Hajo ta ce to sarauniya, sai kuma me. Baraka ta ce shi ke nan, sauran ta sani.

Lukumanu ya kwana a garin, yana fushi, a ɗakin zaure.

Da gari ya waye, gwiwa ta zama ƙwarya. Ta kumbura tana sheƙi, zafi kamar an kifa mata garwashi. Hajo ta yi sallar asuba a kwance. Ko makewayi sai da aka riƙe ta. Lukumanu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙafar, bai ce ai ga shi nan ba, amma fuskarsa ta faɗa.

Da hantsi kuka ya tashi ta bayan katanga.

Hajo ta yi salati, ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta ce a miƙo mata sanda. Lukumanu ya ce likita ya hana. Ta ce likita yana Kano. In zai riƙe ta ya riƙe ta, in ba zai riƙe ba ya matsa, da rarrafe ma za ta je. Ya riƙe ta. Tafiyar da take yi kafin a tafasa ruwan shayi, ran nan sai da suka tsaya hutawa sau huɗu.

Kafin su isa, labari ya riga ya zaga cewa an yi wa Hajo allura ba ta ko motsi. Tsakar gida cike da mata. An cire ƙyaure an shimfiɗa a tsakar ɗaki, ruwa yana kan murhu, an dako magarya. Ummu Habiba ta naɗe hannun riga tana ba da umarni. Munawwara tana rakuɓe a bakin ƙofa, ido ya yi ja, ta rasa yadda za ta ce da matar liman ta dakata. Da ta hango Hajo sai ta saki numfashi.

Ummu Habiba ta taro ta da gaisuwa da ta'aziyya, ta ce sannu Inna, ai da ba ki taso ba. A kawo mata kujera ta zauna a inuwa, ita za ta yi, lada duk ɗaya ne. Hajo ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi Malam da yara, sannan ta ce ita za ta yi wankan.

Ta saki hannun Lukumanu a bakin ƙofa, ta shiga, ta tsaya a gefen ƙyauren. Ta dafa sanda, ta sauke gwiwar hagu. Ta zo sauke ta dama, gwiwa ta ce ba da ita ba. Wani zafi ya harbe ta har ƙeya, sanda ta zame, ta faɗi a kan kafaɗa.

Mata suka rugo ciki. Aka ɗaga ta aka zaunar a bakin gado, kusa da ƙafafun Baraka da aka lulluɓe da zani. Daga zaure maza suka aiko cewa an kusa gama kabari, rana tana yi. Ummu Habiba ta ce Allah sarki, tsufa ke nan, a miƙo mata ƙwaryar ruwa.

Hajo tana zaune, gumi yana bin wuyanta. Ta ƙofar da babu ƙyaure tana hango tsakar gida, sai idonta ya sauka a kan turmi biyu a gindin rumbu. Manya ne, na Baraka, bakinsu ya sha hannu har ya yi santsi. Ɗaya ma da sauran gyaɗa a ciki.

Ta ɗaga murya ta kira Lukumanu. Ta ce ya juye gyaɗar nan a faifai, ya shigo da turamen, ya kife su, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ya ɗora ƙyauren a bisa.

Mata suka ɗauki surutu. Wata ta ce ba a taɓa yi ba. Wata ta ce gawa ƙasa ake sa ta, ƙasa za ta. Wata tsohuwa ta ce turmin abinci ne fa, wa zai ƙara cin tuwon da aka daka a ciki. Ummu Habiba ta ce a dakata a tambayi Malam, ta tura wata mata zaure da saƙo.

"Turamen Baraka ne," in ji Hajo. "Shekara arba'in tana daka muku a cikinsu, ba wadda ba ta ci ba a nan. Yau su ɗauke ta na awa ɗaya. Auta, kai nake jira."

Lukumanu ya dubi matan, ya dubi uwarsa. Bai san dalili ba, kuma fushinsa bai huce ba. Amma ya tuɓe hula ya sa a aljihu, ya rungumo turmi na farko. Ya kife su, ya ɗora ƙyauren, ya danna da hannu biyu ya ga ba ya rawa. Ya rataya tabarma a bakin ƙofa, ya fita zaure wurin maza.

Mata huɗu suka ɗaga Baraka a cikin lulluɓinta suka ɗora. Ƙyauren ya zo wa Hajo daidai kwankwaso. Ta ce to, kowa ya fita, ita da Munawwara sun isa. Ummu Habiba ta ce ai ko zani ta riƙe musu, mutum biyu ba sa juya gawa. Hajo ta dogara sanda ta tako har bakin ƙofa, ta tsaya ta cika ta.

"Matar Malam, tun ba ki iya ɗaura zani ba nake juya su. Ga likkafani can ba a turara ba. Ba wadda ta kai ki iya wannan."

Ta saki tabarmar.

A ciki, ta jingina cinyarta ta hagu da ƙyauren, ta bar ta dama tana reto. Ta taɓa ruwan da bayan hannu, ta ce a ƙara na zafi. Ta naɗe tsumma a hannu, ta yi bisimilla. Munawwara tana zubawa, ita tana wankewa, dama kafin hagu. Da suka yaye zanin, fararen tabon suka bayyana, sun bi ciki da baya kamar inda ruwa ya kwanta a fadama. Munawwara ta kau da kai tana kuka ƙasa-ƙasa. Hajo ba ta kau da nata ba. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take wanke ko'ina.

"Da ɗumi, ƙawa," ta ce. "Kamar yadda kika ce."

Suna kan wanki na uku, mai kafur, aka yi magana ta bayan tabarma. Saƙon Malam Shitu ne ya dawo. Wai ya ce a littafi ma an fi so a ɗora mamaci a kan abu mai tudu. Hajo ta ce a gaishe shi, sun kusa gamawa.

Ta karɓi likkafani ta gefen tabarma, hannu kawai ta miƙa. Sai da ta naɗe, ta ɗaure, ta duba ko'ina ya rufu, sannan ta ce a shigo. Aka sa Baraka a makara aka fita da ita. Hajo ta zame a bakin gado, ƙafar tana bugawa kamar ganga, ta ce wani ya ba ta ruwa.

Bayan la'asar Lukumanu ya same ta a ɗakinta, ƙafa a kan matashi, yadda likita ya ce tun jiya. Ya zauna a bakin ƙofa. Can ta tambaye shi ko lambar likitan nan nasa tana nan. Ya ce tana nan.

"Ƙarfen nan nasa, ya ce ba ya durƙuso. Tsayuwa fa?"

"Yana tsayuwa, Inna."

"To ce masa ya sa ni a layi."

Lukumanu ya ce gadon Alhamis ai ya tafi, tun jiya aka ba wani. Yanzu sai bayan wata shida. Ta ce ba ta da sauri, wadda take jira ta riga ta wuce.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Allurar ta kama bayan kwana biyu, ta riƙe Hajo wata biyu da 'yan kwanaki, sannan ciwo ya dawo ya zauna. Aka ɗaura auren Khaula bayan an kai gyaɗa gida, aka kai ta Yola, yanzu tana goyon ɗa namiji. Ummu Habiba ta yi shekara tana ba da labarin turmi biyu a duk gidan suna da gidan biki, don shi kaɗai ta fito da shi daga gidan. Munawwara ta wanke turamen ta ci gaba da daka a ciki, tsohuwar da ta ce ba mai ci ita ta fara neman ƙari. Badaru kafinta ya ƙera wani dogon benci mai tsayin kwankwaso, yana ajiye a zauren liman, duk gidan da aka yi rashi a aika a ɗauko. An yi wa Hajo aiki a wata na bakwai, ta yi jinya a Karaye tana faɗa da masu gashin ƙashi, ta koma Ruwan Bago da ƙafarta. Ba ta ƙara durƙusawa ba, kuma ba ta daina wanka ba. Lukumanu kuwa har yau bai san abin da ya hana ta kwana a asibiti ran nan ba, ya kuma daina tambaya.